Yaya Dunƙule da Ƙasashen Gidanmu

Duk wanda ya ce maka gajeren karatu ba ya canza mutum, ka turo shi gidanmu ya ga yayana. Mutumin nan lafiyarsa ƙalau ya bar mu. Yana aikinsa a ofishin inshora, takardar digirinsa na biyu tana rataye a bango, ba ya shiga harkar kowa, in ban da cika baki da Allah ya hore masa tun yana yaro. Da dogon hutu ya zo, jami'a ta buɗe wani kwas na masu digiri, ya nemi izini a wurin aiki ya tafi. Ya dawo mana da jaka cike da takardu, da tabarau wanda ba likita ne ya rubuta masa ba, da wata sabuwar tafiya ta goya hannu a baya.

Umma ta tambaye shi abin da ya karanto.

"Tattalin arziki na tsare-tsare, Umma, da dunƙulewar duniya."

"Duniyar ce ta dunƙule? Yaushe?"

"Tun tuni. Ku ne ba ku da labari. Abin da muka gano shi ne, ba ma'adinai ke sa ƙasa ta yi arziki ba. Doka ce da tsari. Sannan kowace ƙasa ta riƙe abu ɗaya da ta fi iyawa, sauran ta karɓa daga maƙwabta."

"To Allah ya sa albarka, Babana. Ka ci abinci?"

Kafin mako ya zagayo ya faɗi kalmar dunƙulewa ga mai kanti, ga mai gyaran famfo, har ga wani bawan Allah da ya tsaya tambayar hanya. Shi ke nan suna ya bi shi, gida da waje, Dunƙule.

Ashe kwas ɗin da sauran aiki. Farfesar da ta koyar da su ta ce kowane ɗalibi ya koma inda yake zaune ya gwada abin da ya koya a kan mutane na gaskiya. Za ta zagaya da kanta ta duba, wanda aikinsa ya fi kyau shi za a ba gurbin digiri na uku, kyauta. Gurbi ɗaya ne tak. Yaya bai jira zuwanta ba. Ya je ya sa aka yi masa ƙaramin allon ƙarfe mai ɗauke da DAKTA, ya ajiye a ƙarƙashin gado tare da ƙusoshinsa, ya kuma gaya wa shugabansa a ofis ya fara neman wanda zai gaji kujerarsa.

Gidanmu na haya ne, bene mai tsakar gida da famfo ɗaya. Ni da Umma muna ƙasa, dab da famfon. Kusa da ƙofar shiga akwai Tela, gwauro, da shagonsa. Gefe kuma Matar Direba da 'ya'yanta, mijinta kullum yana kan hanya. A sama akwai Nas, mai aiki a asibiti, sai Yaya da matarsa, wadda nake ce wa Anti. Yaya ya tara mu duka a tsakar gida, ya hau kan bokitin da ya kife.

"Daga yau babu ɗakuna a gidan nan," in ji shi. "Ƙasashe ne. Tela, me ka fi tsana a duniya?"

"Girki."

"Ke fa, Maman yara?"

"Wanki," in ji Matar Direba. "Wallahi in na ga kayan yaran nan, zazzaɓi nake ji."

"Kun gani? Asara kenan. Kowa yana wahalar yin komai. To ga tsari. Ƙasar Umma wanki, tunda famfo a bakin iyakarta yake. Ƙasar Tela guga da ɗinki. Ƙasar Maman yara girki. Ƙasar Nas ajiya, ita ce mai babban firji."

"Ku fa?" in ji Nas.

"Mu ne hedikwata."

"Me hedikwata take yi?"

"Tana kula."

Anti ta dubi ƙasa. Umma kuwa ta yarda nan take, don ita in dai ɗanta zai zama Dakta, ko wankin unguwa aka ce ta yi za ta yi, tunda dai ni ce mai cuɗawa.

Sai ya kawo abin da ya kira ɗaure alkawari. Wai a kwas an koya musu cewa yarjejeniya ba ta tsayuwa sai an toshe wa kowa hanyar komawa baya. Saboda haka aka kwashe tukwanen gidan kaf aka kai wa Matar Direba. Duk dutsen guga, duk allura da zare, sai wurin Tela. Bahon wanki da sabulu suka taru a ƙofarmu. Ƙaramin firjin Anti ma aka cire shi daga wuta aka juya fuskarsa bango.

Abin haushin shi ne, da farko abin ya yi kyau. Tela ya fara cin shinkafa da miya kamar mai mata, har kumatu ya yi. Nas tana dawowa ta tarar da farin kayan aikinta a wanke, a goge, a ninke. Matar Direba tana girki tana waƙa. Da Yaya ya tsaya nan, da wataƙila yau wani labarin nake ba ku. Amma sai ya zauna a baranda yana kallon faranti na tafiya, riga na dawowa, ba wanda ya ɗaga kai ya dube shi, abin ya dame shi.

"Wannan ai sa'a ce, ba tsari ba," ya ce mini. "Auta, in Farfesa ta zo ta ga komai yana tafiya ba tare da ni ba, wa za ta ba gurbin? Tela?"

Washegari ya dawo da hatimi da ɗan akwatin tawada shuɗiya. Doka ta farko: babu abin da zai ƙetare daga ƙasa zuwa ƙasa sai mai ɗauke da shi ya hau sama an buga masa hatimi a bayan hannu. Hatimin yana cewa AN AMINCE. Kofin shayi zai fito daga wurin Matar Direba, ya hau bene, a amince da shi, ya sauko, ya isa wurin Tela a sanyaye. Ni da nake yawan kai da kawowa, hannuna ya cika har gwiwa, aka koma ɗayan. Nas ta ce wani majiyyaci da ya ga shuɗin hannunta ya ƙi yarda ta yi masa allura, wai ta fara zuwa a duba ta.

Doka ta biyu a kan Umma ta faɗa. Ita Umma tun da na yi wayo, ba ta sa tufa a ruwa sai ta zazzage aljihunsa, ta kuma ware farare gefe guda. Yaya ya sauko ya same ta tana cikin yi.

"Umma, mene ne wannan?"

"Aljihu nake dubawa."

"Binciken kan iyaka kenan. Shi ne babban abin da ke kashe ciniki a duniya. An soke. Wannan tarin kuma fa?"

"Farare ne, Babana. Ba a haɗa su da masu launi."

"Wariya! A gidana? A dunƙulalliyar duniya kowace riga daidai take da 'yar'uwarta. Baho ɗaya, ruwa ɗaya."

"Za ka ɓata wa mutane kaya."

"Umma, ke kin yi wanki, ni na karanci wanki."

Umma ta dube shi, ta dubi sama, ta ce to.

Ana nan sai saƙo ya zo cewa Farfesa za ta iso ƙarshen mako. Yaya ya rikice. Ya sa aka rubuta ƙyallen maraba, ya sa Matar Direba ta yi gwajin girkin baƙi, ya koya wa Tela yadda zai ce ciniki ya bunƙasa. Da sassafe ya kwaso wandunansa kaf, in ban da wani tsoho da ke jikinsa, ya sauko da su da kansa ya danna a cikin babban baho, wai shugaba ne ke fara nuna misali. Muka zuba na Nas a kai, da fararen rigunan Direba, da kayan makarantar yara, muka bar su su jiƙa.

Da na dawo na buɗe bahon, sai na ga ruwa shuɗi shar. Na ɗago rigar Nas, shuɗiya. Na ɗago ta Direba, shuɗiya. Ihun da na yi ya fito da kowa.

Nas ta sauko da gudu ta karɓi rigarta tana juyawa. "Mama, me na yi miki? Da wannan zan je asibiti? A ce ni nas ce ko mai fenti?"

"Rigar Baban yara!" in ji Matar Direba, hannu a ka. "Sabuwa fil! Mama, in kin gaji da wankin ai sai ki faɗa."

Umma ta sunkuya za ta tono ƙasan bahon ta ga abin da ya zuba, sai ga Yaya a guje.

"Kada wanda ya taɓa! Wannan shaida ce." Ya jawo katako ya rufe bahon, ya ɗora dutse a kai. "Kayan da ake rigima a kansu ba a taɓa su sai babban taro ya zauna."

"To a kira taron," in ji Tela.

"Yanzu kuwa. Bari in buga wa kowa hatimin gayyata."

Ya hau sama. Muka ji ana jan gado, ana buɗe durowa, ana zazzage jaka. Can ya fito baranda fuska a murtuke.

"An sace hatimi."

"To a yi taron haka nan mana."

"Taro babu hatimi ai taron 'yan tawaye ne. Ku saurara da kyau. An sace hatimi, an zuba wa kayan jama'a shuɗi, duk a safiya ɗaya. Ni da na yi karatu na san hannu ɗaya ne ya yi duka biyun. Kuma ina shaida muku, duk wanda aka kama, babu shi babu abincin gidan nan, babu wanki, babu ruwan sanyi, sai ya durƙusa a tsakar gidan nan ya roƙi gafarar kowa."

Umma ta matsa ƙarƙashin barandar. Muryarta ƙasa-ƙasa ta ce, "Babana, gaya musu ba ni ba ce. Ka san ba ni ba ce."

"Umma, ki yi haƙuri. Hukuma ba ta da uwa."

Wallahi maganar nan ta yi mini zafi, har yau in na tuna raina ɓaci yake. Umma ta juya masa baya. Ta ɗauraye hannunta a famfo, ta shige ɗaki, ta ce in kwashe sabulu in kulle.

Daga nan yaƙi ya ɓarke. Ƙasar wanki ta shiga yajin aiki. Nas ta sa wa firjinta kwaɗo, ta ce nama da ruwan sanyi ba sa fita sai an biya ta kayan aikinta. Matar Direba ta ce tunda babu nama, kuma an ɓata rigar mijinta, ta sa wa ƙasar Umma da ƙasar Nas takunkumi. Tela ya buɗe kwanonsa ya ga miya tsirara, ya ce duk kayan da ke hannunsa, gogaggu da marasa guga, ya riƙe su. Kuma ko da wani ya so ya sassauta, babu hatimi, babu abin da zai ƙetare iyaka bisa doka. Tela, da yake ba shi da aikin yi yanzu, ya jawo kujera bakin ƙofa ya naɗa kansa jami'in kan iyaka. Ban taɓa ganin mutum ya ji daɗin muƙami kamarsa ba.

Da yamma ina zaune yunwa na cina, sai na ji ana ƙwanƙwasa tagarmu ta baya. Na leƙa, sai ga bokiti a ɗaure da igiya yana lilo, a ciki da kwanon taliya mai zafi. Na ɗaga kai, Anti ce a tagar sama, yatsa a baki. Ashe ranar da aka kwashe tukwane ta ɓoye ƙarama guda a cikin akwatin kayanta, da ƙaramin dutsen guga a cikin matashi. Kafin gari ya waye sau biyu, bokitin nan ya san kowace taga a gidan. Nas tana sa nama, Matar Direba tana sa albasa da mai, Umma tana wanke kayan yara a bayan ɗaki tana aikawa, Tela yana karɓar rabonsa ta tagar shago sannan ya koma bakin ƙofa yana muzurai. A tsakar gida ba mai gaida wani. A bayan gida kuwa ciniki bai taɓa bunƙasa haka ba.

Yaya yana cin abincinsa sau uku, bai taɓa tambayar daga ina ba.

"Kin ga ƙarfin hukuma, Auta?" ya ce mini yana suɗe cokali. "Duniya tana yaƙi, hedikwata ko gezau."

"Yaya, baƙi fa gobe za su zo. Ka buɗe bahon nan mana."

"In karya dokata da hannuna? Ai Farfesa rikicin nan za ta fi so. Za ta ga yadda shugaba yake riƙe tsari a cikin guguwa."

Ranar da za su zo, ya sa kwat ɗinsa da ke rataye a durowa, ya ɗaura laktaye, ya hau kujera zai kafa ƙyallen maraba a baranda. Ya ɗaga ƙafa ɗaya ya ɗora a kan bango, sai muka ji ƙyaaat. Tsohon wandon nan, wanda shi kaɗai ya rage masa, ya rabe tun daga baya har gaba. Ya shige ɗaki da baya da baya, ya miƙo mini shi ta bayan ƙofa.

"Maza kai wa Tela. Ki ce gaggawa ce ta hukuma."

Tela ya karɓi wandon, ya ɗaga shi sama, ya leƙa ni ta cikin yagar. "Ina hatiminki?"

"Haba Tela, ka san babu."

"Kaya ya ƙetare iyaka babu izini. An kama shi." Ya ninke ya zauna a kai.

Yaya ya leƙo daga baranda. Bangon barandar ya kai masa ƙugu, daga sama mutum ne kammalalle. "Tela! Ni na kafa dokar nan, ni nake ce maka ka ɗinka!"

"Dakta, kai ka ce doka ta fi mai ita. Ni ɗalibinka ne."

"To ara mini naka!"

"Fitar da kaya waje kenan. Shi ma sai da hatimi."

Suna cikin haka mota ta tsaya a ƙofar gida. Farfesa ta fito, wata dattijuwa gajera mai fara'a, da ɗalibai a bayanta, abokan karatun Yaya, kowa da waya a hannu. Tela ya miƙe da wandon a hammata ya tare ƙofa.

"Ranki ya daɗe, sannunku da zuwa. Hatimi?"

"Wane hatimi?"

"Na shiga. Nan iyakar ƙasata ce."

"A ina ake samu?"

"A hedikwata."

"Ina hedikwatar?"

"A ciki, ranki ya daɗe."

Farfesa ta dube shi, sai fuskarta ta washe kamar an ba ta kyauta. Ta juya ta ce wa ɗaliban su fara ɗauka. Yaya ya yi ta ihu daga sama cewa baƙin hukuma ba sa buƙatar izini, Tela ya ce ba a taɓa faɗa ba, sai da Nas ta sauko ta ture shi gefe da kafaɗa suka samu shiga.

Yaya ya gyara tabarau, ya dafa bango, ya fara jawabi daga sama. Ya yi maraba da su zuwa ƙaramar duniya. Ya ce kafin zuwansa gidan nan yana cikin duhu, kowa yana girka nasa, yana wanke nasa. Ya ce yanzu ko ƙwayar shinkafa ba ta motsi sai da saninsa. Daidai nan bokitin Anti ya fito ta tagar gefe, don yau an kai motar baƙi an tare bayan gida da ita, ya sauko a hankali ta kusa da kunnensa, da gogaggiyar rigar makaranta a ciki da kwano yana tururi. Matar Direba ta miƙa hannu ta kwashe, ta zuba albasa, bokiti ya koma sama.

"Wancan fa?" in ji Farfesa.

Yaya ya waiga, ya yi ido biyu da bokiti, sannan da matarsa. "Wannan... gwaji ne. Ni na tsara shi."

"Fasa-ƙwauri ne, ranki ya daɗe," in ji Matar Direba. "Da shi muke rayuwa. Shi ma da shi yake ci."

Ɗalibai suka fara ƙyaƙyatawa. Farfesa ta ce, "Malam, sauko mana mu yi magana. Wuyana ya gaji."

"Ranki ya daɗe, hukuma daga sama take aiki."

"Sauko."

Ya ɓace daga baranda. Muka ji an fizgi wani abu. Can sai ga shi a kan matakala, sama kwat da laktaye, ƙasa labulen falon Anti mai manyan furanni, ya naɗe shi har ƙafa, zobban labulen suna ƙara duk takun da ya yi. Maƙwabta da suka ji hayaniya sun riga sun cika ƙofa, wasu a kan katanga. Wata ɗaliba ta zauna a ƙasa don dariya. Shi kuwa ya goya hannu ɗaya a baya, ɗayan yana riƙe da labule, ya ce wannan shigar alama ce ta yadda shugaba yake tarayya da talakawansa a lokacin takunkumi.

Farfesa ta saurari kowa. Nas ta kawo ƙara, Matar Direba ta kawo tata, Tela ya yi bayanin miya. Umma kaɗai ta tsaya a ƙofar ɗakinta tana kallo. Da aka gama, Farfesa ta nuna bahon da ke rufe.

"Me ya hana a buɗe?"

"Sai babban taro, ranki ya daɗe, taro kuma sai da hatimi, hatimi kuma maƙiyan tsari sun sace. Amma na riga na gano cewa hannu ɗaya ne, kuma na yanke hukunci." Ya maimaita hukuncin kaf, da ƙarfi, har durƙuson, don na kan katanga su ji.

"Ni baƙuwa ce, dokarka ba ta hau kaina ba," in ji Farfesa. "Mama, ko za ki buɗe mana?"

Umma ta zo ta ɗauke dutse, ta ture katako. Wari ya tashi, mutane suka ja baya. Ta naɗe hannun riga ta fara fito da kaya ɗaya bayan ɗaya, ƙasa na ƙara duhu, har ta kai kan wani wando wanda shuɗinsa ya koma baƙi. Kowa ya san shi, shi ne wandon zuwa ofis na Yaya. Ta ɗaga shi tana kallon ɗanta.

"Babana, an yarda in duba aljihu, ko har yanzu an soke?"

Ta zura hannu. Ta fito da ɗan akwatin tawada, a buɗe, ya sha ruwa ya kumbura. Ta sake zurawa, ta fito da hatimi.

Gidan ya fashe da dariya. Tela ya kwanta a kan kujerarsa yana dukan ƙasa. Nas tana ihu a kamo mata shi. Na kan katanga suna ta kiran Dunƙule, Dunƙule. Yaya ya ɗaga hannu biyu zai yi bayani, ya manta da abin da hannun yake riƙe, sai da Anti ta yi tsalle ta cafke labulen a gwiwa.

"Hannu ɗaya ne kuwa," in ji Farfesa tana share hawaye. "A nan dai bincikenka ya yi daidai."

"Durƙuso! Durƙuso!" in ji Matar Direba.

Yaya ya juya wajen Umma, ya marairaice. "Umma, ki sa baki mana. Gaban malamata ne. Ni ne fa, Babanki."

Umma ta matse wandon, ruwa shuɗi ya zuba a ƙafarsa. "Ka yi haƙuri. Hukuma ba ta da ɗa."

Haka ya durƙusa a tsakar gida cikin labule, ya bi mu ɗaya bayan ɗaya. Da ya zo kan Umma muryarsa ta canza, wannan karon ba jawabi ba ne, har na ji tausayinsa ya kama ni. Ta bar shi ya ɗan jima a ƙasa, sannan ta ce ya tashi, ta dangwala masa jiƙaƙƙen hatimin a goshi.

Kafin su tafi ya bi Farfesa har mota, zobba na ƙara. "Ranki ya daɗe, maganar gurbin fa?"

"Gurbin na wani ne, Malam. Amma na daɗe ina koyar da yadda tsari yake shaƙe kansa, ban taɓa samun misali mai kyau irin naka ba. Ina roƙon abu ɗaya. A ba ni wandon nan."

Umma ta sa mata shi a leda, da hatimin a aljihunsa.

A ranar tukwane suka koma gidajensu. Yaya ya sayi sabbin kayan aiki ya ba Nas, ya sayi riga ya ba Direba, ya je ofis ya shafe safiya yana rantse wa shugabansa cewa wasa yake yi. Allon DAKTA kuwa Tela ya karɓe shi a madadin ɗinkin wando, a kansa yake ɗora dutsen guga.

Da wani dogon hutun ya zagayo, ɗaya daga cikin abokan karatunsa ya turo masa hoto. Ga babban ɗakin lacca cike da sababbin ɗalibai, ga Farfesa da sanda a hannu, ga wandon Yaya a rataye a jikin allo. Na ɗauka zai ɓoye. Ina! Ya sauko da gudu yana nuna wa kowa, baki har kunne.

"Kun gani? Ni ake karantawa yanzu! Umma, duba nan. Ban ce miki sai na shiga jami'ar nan ba?"

Umma ta karɓi wayar, ta nisanta ta da ido, ta duba da kyau, ta miƙa masa.

"Wandonka dai ya shiga, Babana. Kai kana nan. Zazzage aljihunka ka kawo rigar nan in wanke."